Sandar Majalisa a Shagon Yadina

Mijina ya yi shekara talatin da ɗoriya yana koyarwa a firamare, rabinsu yana hedimasta, kuma har yau ban ga alamar ya san ya yi ritaya ba. In ya ce "zauna", ko baƙo ne sai ya ji gwiwarsa ta lanƙwashe. Da mutanen unguwa suka matsa masa ya fito takarar kansila, ni na fi kowa zuga shi, don na gaji da ganinsa a gida yana gyara mini yadda nake jera kwanuka. Ya fito, ya ci. Da kansiloli suka zauna zaɓen wanda zai shugabance su, suka duba suka ga shi ne mai furfura, shi ne kuma ya koyar da biyu daga cikinsu, sai suka ba shi kujerar kakakin majalisa. A rediyo ne ake cewa kakaki. A cikin garin Keffi kowa Sifika yake cewa, ni kuma na wayi gari matar Sifika.

Ba zan ɓoye ba, abin ya yi mini daɗi. Ni 'yar kasuwa ce, yadi nake sayarwa, shekarata ashirin a shago ɗaya babu wanda ya taɓa tashi ya ba ni kujera. Sai ga shi in na shiga gidan biki ana cewa a matsa, a matsa, a kawo kujera mai hannu. Matan da a da in na gaishe su sai su amsa da hanci, yanzu su ne ke tsallako titi su tambaye ni ya gajiyar Honarabul. Na ƙara faɗin ɗaurin ɗankwalina. Har tafiyata ta canza, yayata da ke Tudun Ƙofa ce ta faɗa mini, ta ce tafiya nake kamar na haɗiye taɓarya.

Matsalar Malam ɗaya ce, ya ɗauki majalisa aji shida. Ƙarfe goma yake sa a rufe ƙofa. Yana kiran suna ɗaya bayan ɗaya, wanda ya makara ya tsaya a waje sai an gama addu'a. In kansila ya tashi magana hannunsa a aljihu, sai ya ce masa ya fitar. Duk wannan sun haɗiye. Ranar da abin ya ɓaci ita ce ranar da wayar mataimakinsa ta yi ƙara ana tsakar zama. Mutum ne babba, mai gidan bulo da 'ya'ya a jami'a. Malam ya miƙa hannu ya ce, "Kawo." Shi kuma, don tsohon ɗalibinsa ne, kafin ya tuna shi waye yanzu har ya miƙa. Malam ya jefa ta a durowa ya ce sai an tashi. Aka yi dariya har da akawun majalisa. Kafin sati ya zagayo an fara zagayawa da takarda ana sa hannu, za a tsige Sifika a zama na gaba.

Da labarin ya zo mini a kasuwa sai da na nemi wuri na zauna. Na dawo gida na same shi yana karanta jarida hankali kwance.

Na ce, "Malam, wayar mutum? Babban mutum da gemunsa? Kai me ya kai ka?"

Ya ce, "Doka ce, Hajiya. Ni na rubuta, su suka amince."

"To ai ga shi za su amince da wata."

Ya ninke jaridar ya tashi ya shige ɗaki.

Washegari da azahar sai ga shi ya shigo da wani dogon abu a naɗe cikin sallaya, yana waige-waige kamar wanda ya sato akuya. Ya shige ɗaki, ya kira ni, ya tura ƙofa, ya warware. Sandar majalisa ce. Ni ban taɓa ganinta kusa ba sai ranar. Tsawonta ya kai ƙuguna, katako ce mai nauyi, kanta na ƙarfe mai ruwan zinare, ga tambari a sama. Ya yi mini bayani da muryar hedimasta. Ita wannan sanda, in ba ta kan tebur, to babu majalisa. Ko kansiloli sun cika ɗaki sun yi ta magana har magariba, hira suka yi. Ba a zartar da komai sai a gabanta, har tsige mutum.

Na ce, "Wato in babu ita ba su iya taɓa ka?"

Ya ce, "Ko gashin kaina."

Wallahi a lokacin ji na yi duk duniya babu mai wayon mijina. Na ɗauko zanen gado sabo fil na naɗe ta, na tura ƙarƙashin gado, can bayan akwatuna.

Mutum ɗaya ne ya san inda take ban da mu, shi ne mai ɗaukar sandar. Wani dattijo ne ɗan ƙabilar Eggon, tsohon soja, Baba Soja muke ce masa. Aikinsa ke nan, ya saɓa ta a kafaɗa ya shiga gaban Sifika, kowa ya miƙe, ya ajiye ta a kan tebur, in an tashi ya ɗauke. Shi ya buɗe wa Malam kabad ɗin da take ciki, don a wurinsa umarnin Sifika umarni ne. Amma abin ya tsaya masa a rai. Kullum da safe sai ga shi a ƙofar gida da tsumma da gwangwanin man goge ƙarfe a aljihu.

"Madam, ina kwana. Na zo in duba ta."

"Baba Soja, lafiyarta ƙalau. Ka rage murya."

"Ƙarƙashin gado akwai sanyi, Madam. Za ta yi tsatsa."

Sai na fito masa da ita falo, ya ƙame ya sara mata, ya goge ta tas, ya sake sarawa, ya tafi. Ran Lahadi daga coci yake biyowa da kwat ɗinsa. Maƙwabta suka fara tambayata ko tsohon yana neman aure ne a gidanmu.

Ranar zama ta zo, kansiloli suka hallara, aka buɗe kabad, wayam. Malam ya zauna a kujerarsa ya ce shi ma abin ya ba shi mamaki, kuma tunda babu sanda babu zama, kowa ya kama gabansa. Sun san shi ne, shi ma ya san sun sani. Wani ya kawo shawarar a sa kafinta ya sassaƙo wata, akawu ya ce ba a yi wa majalisa sanda kamar ana yi wa gida kujera. Aka watse.

A cikin wannan hali 'yarmu, da ta zo goyon ciki, ta haihu, aka ce a gidanmu za a yi suna. Ina ta lissafin tukwane da tabarmi, ana gobe suna da la'asar Malam ya shigo kicin fuskarsa a yamutse.

Ya ce, "Hajiya, mun shiga uku. Za su zo."

"Su wa?"

"Kansiloli. Dukansu. Kin san ba za su ƙi zuwa suna ba."

Gaskiyarsa. A garin nan ko kun kwana kuna zagin juna a siyasa, in aka yi haihuwa ko rasuwa sai an zo an zauna a tabarma ɗaya. Na ce to sai me, ai goro za su ci su tafi.

"Ba ki gane ba. Ga ni Sifika, ga su sun cika adadi, ga sanda a cikin gida. Ai zama ya tabbata! Ana shafa fatiha wani zai ɗaga hannu ya ce yana da ƙudiri."

Na yi dariya har na riƙe ciki, amma da na ga shi ba dariya yake ba, sai ni ma na daina. Na tuna mata za su cika ɗakina, kuma akwai matan kansiloli a cikinsu, ga su da son leƙa ƙarƙashin gado wai neman takalmi. Na ce ya bar mini, zan fitar da ita. Na buɗe baki zan faɗa masa inda zan kai ta, ya toshe kunnuwansa da yatsu biyu kamar mai kiran salla.

"Kada ki faɗa mini! In aka ce in rantse, ina so in rantse ban san inda take ba."

Kun ji mutumin da nake aure. Zai ɗauke sandar hukuma a cikin sallaya, amma ba zai yi rantsuwar ƙarya ba.

Na naɗe ta cikin tabarma na hau Keke Napep na nufi kasuwa. A shago na zare kwalin da ke tsakiyar wani bandir na farar shadda, na sa sandar a madadinsa, na naɗe yadin a kanta, na toshe sama da takarda, na jingine ta a lungu cikin 'yan'uwanta. Ko ni in na juya baya sai na lalubo. Aka yi suna lafiya. Malam ya zauna a tsakiyar masu son tsige shi yana raba musu goro yana murmushi, mataimaki ma har da yi wa jariri addu'a mai tsawo. Ni kuma na ga matar mataimakin da idona ta durƙusa a ɗakina wai ɗan kunnenta ya faɗi.

Bayan kwana biyu sai ga ta a shagona. Ban san ko hanci gare ta ko tsautsayi ne kawai ba. Shadda take so fara, ta ɗinka wa maigida, ta ce, don akwai hidimar da ke tafe. Na san hidimar da take nufi, rantsar da sabon Sifika. Na sauko mata da kala uku, ta ƙi. Ta miƙa hannu lungu ta dafa wancan bandir ɗin.

"Wannan fa, Hajiya?"

"An saya."

"Duka?"

"Duka. Wani Alhaji ne daga Abuja."

"Kai, amma da nauyi. Wace iri ce?"

Na ce, "Sabuwar shigowa ce, ba ta kowa ba ce." Na shiga tsakaninta da bandir ɗin na tsaya ƙiƙam. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ja tsaki, ta ce dama an ce tun da na zama matar Sifika na daina ganin mutane. Ta fita. Ban taɓa jin daɗin rasa ciniki irin na ranar ba.

Haka muka ci sati uku. Majalisa a rufe, Malam yana nan Sifika, ni ina nan matar Sifika, Baba Soja yana zuwa ƙofar gida kullum ina ce masa ta yi tafiya. Ya rame, har tausayi ya ba ni. Sai damina ta kankama.

Akwai wani kwalbati a ƙasan layinmu, shi ya haɗa unguwar da babban titi. Ya daɗe yana tsagewa. Wani ruwa da aka kwana biyu ana yi ya zo ya tafi da rabinsa, wurin ya zama rami, ruwa yana gudu a ciki jawur. Mota ba ta wucewa, babur ba ya wucewa, sai mutum ya cire takalmi ya naɗe wando. Mutane suka fara sallama a ƙofar gida tun da sassafe. Malam ya je ya ga ciyaman ɗin ƙaramar hukuma. Ciyaman ya ce shi a shirye yake, ga ma katafila da ma'aikata suna ƙarasa wani aiki a gari, ran Asabar za su wuce wajen Garaku, in suka tafi kuma sai bayan damina. Abu ɗaya ya rage, aikin ba ya cikin abin da aka tsara, sai majalisa ta zauna ta amince.

Ya dawo ya faɗa mini. Na ce, "To su kansilolin su yi alkawari mana, a zauna a yi maganar kwalbati kawai, a tashi."

Ya ce ya aika musu. Amsar da suka bayar ita ce a kawo sanda tukuna, in ta hau tebur kowa yana da bakin magana.

Na ce, "To a bar shi. Ai ba mu muka kawo ruwan ba. Shekara nawa ana tsallake rami a garin nan?"

Na faɗi haka, kuma har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Ran Talata tsohon telan da ke ƙarshen layinmu ya rasu. Shi ya ɗinka wa 'ya'yanmu kayan makaranta tun daga na fari har auta. Aka yi masa salla da hantsi, aka ɗauko makara, kuma babu hanyar maƙabarta sai ta wannan rami. Ina tsaye a zaure ina hango su. Malam yana gaba, ƙafar makara a kafaɗarsa. Suka shiga ruwan, ya kai musu cinya. A tsakiya na kusa da shi ya zame, makarar ta karkace, na ga likkafani ya zamo gefe har sai da wani ya kai hannu ya tare. Salatin da mutane suka saka har cikin gida an ji shi. Suka daidaita, suka haye. Babu wanda ya ce wa Malam komai, ko a can ko a hanyar dawowa, shi ya faɗa mini daga baya. Ya ce da ma zaginsa suka yi.

Ya shigo gida wandonsa sharkaf da jan laka, ya zauna a kan turmi bai ko canza ba.

Ya ce, "Hajiya, ina sandar?"

Na ce, "Ai ka ce kada in faɗa maka."

"Yanzu na ce ki faɗa."

"Malam, ka san abin da za su yi maka."

"Na sani."

"A gaban mutane fa. Yaran da ka koya wa rubutu. Matar can har ta zo sayen shaddar biki!"

Na yi ta faɗa, na kawo wannan na kawo wancan, har da cewa na manta inda na sa ta. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, a hankali, ba da muryar hedimasta ba, "Saura kaɗan mu zubar da shi a ruwa, Hajiya. Ina riƙe da shi."

Washegari na je shago na warware shaddar da hannuna. Baba Soja da ya gan ta sai da ya cire hula. Ya duba kanta, ya duba gindinta, ya shinshina, ya ce, "Madam, ta yi warin sitati." Ya zauna a falona ya goge ta kusan awa guda.

Ran Alhamis na ci ado na bi su. Malam ya ce in zauna a gida, na ce ai tare muka hau, tare za mu sauka. Na zauna a bencin baƙi a baya, ga matar mataimaki a ɗaya gefen, ba mu ko kalli juna ba. Ƙarfe goma daidai Baba Soja ya shigo da sanda a kafaɗa, yana taku kamar ranar fareti, Malam yana biye. Kowa ya miƙe. Ranar babu wanda ya makara, kuma babu wanda ya tambayi inda aka samo ta.

Aka yi addu'a ta Musulmi da ta Kirista. Mataimaki ya yunƙura zai tashi, Malam ya ce, "Zauna." Ya zauna kuwa, kafin ya ankara. Malam ya ce abu na farko a takardar yau shi ne kwalbati, kuma shi ya tsara takardar. Aka karanta, wani ya goyi baya, aka tambaya, duka ɗakin suka ce sun amince. Ya buga gudumarsa ta katako. Ya sa akawu ya rubuta wasiƙar a nan take, ya sa hannu, ya ba masinja, ya ce a kai ofishin ciyaman yanzu. Ya bi shi da ido ta taga har sai da ya ga ya shige ɗaya ginin. Sannan ya gyara gilashinsa ya ce, "Akwai mai wata magana?"

Mataimaki ya tashi, hannunsa a waje, ba a aljihu ba. Ya karanta ƙudirinsa yana tuntuɓe, bai ɗago kai ba ko sau ɗaya. Akawu ya raɗa wa Malam cewa yana iya sauka ya bar wani ya yi tambayar. Malam ya ce shi ya buɗe zaman nan. Ya tambaya da bakinsa, waɗanda suka amince a tsige Sifika su ɗaga hannu. Ya ƙirga su da biro, ɗaya bayan ɗaya, har ya ce wa wani ya ɗaga da kyau ba a ganinsa. Ya faɗi sakamako, ya buga guduma, ya tattara takardunsa, ya sauko ya zauna a kujerar kansila, mataimaki ya haye kujerar Sifika. Da aka tashi Baba Soja ya saɓa sanda ya shiga gaban sabon Sifika, idonsa jawur, Malam ya miƙe tare da kowa ya sunkuyar da kai. Ni dai ban miƙe ba, na ce ƙafata ce ke ciwo.

Motar ofishin Sifika ta bi sabon mai ita. Muka tari Keke Napep a bakin titi, ya kai mu bakin ramin ya ce iyakarsa ke nan. Malam ya cire takalmi ya naɗe wando, ni na tattare zani. Labarin kwalbati ya riga mu isowa, na tsigewar bai iso ba tukuna. Mutane sun taru a ɗaya gefen, masu shago, da 'yan acaɓa, da 'ya'yan marigayi tela da ke zaman makoki a ƙofar gida. Muna tsakiyar ruwa babban ɗan telan ya taso ya ɗaga murya.

"Ranka ya daɗe, da gaske ne gobe katafila za ta zo?"

Malam ya ce, "Da gaske ne, in sha Allahu."

Wurin ya kaure. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, maza suka ɗaga hannu suna cewa, "Allah ya ja zamanin Sifika! Allah ya ƙara wa Sifika lafiya!"

Na buɗe baki zan faɗa musu, in ce ku san abin da aka yi masa yau saboda raminku. Malam ya matse mini hannu a cikin ruwan. Ya dube su ya ce, "Amin, amin. Ku ci gaba da yi masa addu'a, yaro ne mai hankali, ni na koyar da shi."

Ba su gane ba, suka ci gaba da murna. Ni na gane, kuma a nan tsakiyar rami, takalmina a hannu, na fashe da kuka kamar ƙaramar yarinya. Ya ce in bar kukan haka nan in dubi inda nake sa ƙafa, akwai santsi.